Yadda ake sauya katin Wi-Fi na tsohuwar laftop ba tare da an ɓalle eriya ba

Da yawa daga cikin laftop ɗin da ke hannun ɗalibai da masu shagon buga takardu na hannu ne, irin su HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad da aka ƙera tsakanin 2010 da 2016. Mutum zai ƙara mata RAM, ya sa mata SSD, ta riƙa tashi nan da nan, amma da an zo maganar intanet sai ta koma jan ƙafa, alhali wayar hannunsa da ke kan rauta ɗaya da ita tana ta gudu. Sau da yawa laifin wani ɗan ƙaramin kati ne da ke cikinta, wanda shi ke kama Wi-Fi. Sauya shi aikin 'yan mintuna ne, kuma kuɗinsa bai kai na batir sabo ba. Sai dai masu koyo a wuri biyu suke faɗuwa: wajen sayen katin da bai dace ba, da wajen maƙala wayoyin eriya.

Kafin ka fitar da ko sisi, tabbatar ba barin jaki kake yi kana dukan taiki ba. Zauna kusa da rautarka, ka gwada gudun intanet a wayar hannu da Speedtest ko fast.com, sannan ka gwada a laftop a daidai wurin. Sau ɗaya ko biyu ya isa, don gwajin nan yana cin data ba kaɗan ba. Idan waya ta ba ka megabit 8, laftop ta ba ka 7, to ka bar kati ya huta, layin ne ba shi da ƙarfi a unguwarku. Amma idan waya tana ba ka 90 laftop tana ba ka 20, ka kama ɓarawon. Ka kuma duba rautar kanta. Wi-Fi yana tafiya a zango biyu, 2.4 GHz da 5 GHz wanda ya fi gudu. Ƙananan MiFi na 4G da yawa zangon 2.4 GHz kawai suke fitarwa, kuma sabon kati ba zai ƙirƙiro maka 5 GHz daga inda babu ba. Waɗanda aikin nan ya fi yi wa amfani su ne masu rautar 5G, wadda MTN ta fara kawowa Najeriya a 2022, da masu Starlink da ya shigo a farkon 2023, da masu faiba a ofis, da kuma wanda wayarsa ke iya buɗe hotspot a zangon 5 GHz.

Yanzu ka gano wane kati ne a ciki. Buɗe Device Manager na Windows, inda ake jera kayan cikin kwamfuta, ka shiga Network adapters. In ka ga sunaye irin su Atheros AR9285, ko Realtek RTL8723BE, ko Broadcom 4313, waɗannan duk 'yan 2.4 GHz ne masu hanya ɗaya ta aika data da karɓa. A takarda an rubuta musu megabit 150, amma yawanci a 72 suke maƙalewa, kuma abin da zai iso hannunka kusan rabin haka ne. Katin 802.11ac, wato tsarin Wi-Fi na 5 GHz da ake kira AC, mai hanya biyu kuwa yana haɗuwa da rauta a megabit 867. Nan bambancin yake.

Ka buɗe ka gani da idonka kafin ka tafi kasuwa

Wannan doka ce a wurina. Kada ka sayi kati don an faɗa maka shi ne na yayi. Kashe kwamfutar gaba ɗaya, cire caja da batir, buɗe murfin ƙasa, ka ɗauki hoton katin da wayarka, hoto mai kyau wanda rubutun jikinsa da launin wayoyin za su fito.

Gurbi iri biyu ne. Tsofaffin na'urori, kusan duk na kafin 2014, Mini PCIe suke da shi. Katin yana da faɗin milimita 30, kuma ramukan sukuru suna kusurwoyinsa. Akwai dogo mai kusan milimita 51, akwai rabi mai kusan 27, kuma rabin ya fi yawa. Na baya-bayan nan kuma M.2 2230 ne, wato faɗi 22 tsawo 30, da sukuru guda a tsakiyar ƙarshensa, a wani yanka mai siffar rabin da'ira. Ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya. Idan kuma ka buɗe ka tarar an narka katin a jikin bod, wato babban allon cikin kwamfutar, kamar yadda ake yi wa wasu siraran laftop, mayar da murfi ka rufe, ka tsallaka zuwa maganar USB a ƙasa.

Ga mai Mini PCIe, Intel 7260 nake sa wa kowa, mai lamba 7260HMW, wanda ya fito a 2013. Amma ka karanta takardar jikinsa da kyau, domin 7260 iri uku ne masu kama da juna: akwai Wireless-N, akwai Dual Band Wireless-N, akwai Dual Band Wireless-AC. Na ƙarshen kake nema. Mai shago a Beirut Road a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, zai iya miƙo maka kowanne da zuciya ɗaya, shi dai lambar ya gani. Intel ta daɗe da daina ƙera shi, don haka wanda za ka samu sau da yawa ciro shi aka yi daga wata kwamfutar, kuma ba aibi ba ne. Ka dai yi sharaɗi da mai shagon cewa in bai yi ba za ka dawo da shi. Akwai kuma wasu katuna daga Sin da ake ɗora AX200 ko AX210 a kan allon Mini PCIe. Ba Intel ce ta haɗa su ba, wasu suna aiki lafiya, wasu suna ɓacewa da an rufe murfin laftop an buɗe. Ni ba na sa wa mutum su sai in shi ya nace.

Ga mai M.2, AX200 na 2019 ko AX210 na 2020. Kula da lamba ɗaya tak: AX201 da AX211, da 9560 da 9462, ba irinsu ba ne. Su rabin aikinsu yana cikin bod ɗin Intel na zamani, tsarin da ake kira CNVi. Za su shiga gurbin tsohuwar laftop daram, ka ɗaure sukuru, ka kunna, kwamfuta ta ce ba ta ga komai ba. Kuma sun fi arha, shi ya sa mutane ke afka musu. AX200 da AX210 sai da Windows 10 mai bit 64 zuwa sama. In har yanzu kana kan Windows 7, ka tsaya a 7260 ko 8265.

Sai kuma shingen da wasu kamfanoni suka sa a BIOS, wato manhajar da ke tada kwamfuta kafin Windows. Tsofaffin ThinkPad irin su T420, T430, X220 da X230 suna da jerin katunan da suka yarda da su kaɗai. Ka sa baƙo, kwamfutar ta tsaya cak da lambar kuskure 1802, ko Windows ba za ta shiga ba. Tsofaffin HP su ma haka, tasu lambar 104 ce. Dell Latitude yawanci ba ruwanta. In taka ThinkPad ce ta wancan zamanin, nemi kati mai lambar FRU a jikinsa, wato lambar kayan gyara ta Lenovo, misali Centrino Advanced-N 6205 ko Ultimate-N 6300. Ba su kai AC ba, amma suna kama 5 GHz, kuma wannan kaɗai babban ci gaba ne. Akwai masu sake rubuta BIOS don cire shingen. Kada ka bari a yi maka a wurin da wuta ke iya ɗaukewa ana tsakiyar aiki.

Sauke direban sabon katin, wato manhajar da ke sa Windows ta yi aiki da shi, daga shafin Intel ka ajiye a kwamfutar tun kana da intanet. Mutane suna mantawa, su gama aiki tsaf, sannan su tuna cewa abin da za su sauke direba da shi shi ne suka cire.

Wayoyin eriya

Nan nake so ka rage sauri. Cire batir bai isa ba idan na ciki ne, sai ka zare filoginsa daga bod, sannan ka danne maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu. Lokacin hunturu, da iska ta bushe har hannu ke tartsatsi in ya taɓa ƙarfe, ka taɓa ƙofar ƙarfe ko ƙarfen taga kafin ka taɓa bod, kuma kada ka yi aikin a kan bargo ko kafet.

Za ka ga sirararan wayoyi biyu, yawanci baƙa da fara ko toka-toka, sun gangaro daga cikin murfin allo ta wajen hinji, kowacce da ɗan kan tagulla a ƙarshenta. Kan nan yana hawa wani ɗan zobe a jikin kati, irin maɓallin rigar jarirai da ake dannawa ya ce ƙas. Girmansu biyu ne. Na Mini PCIe shi ne U.FL, ɗan babba. Na M.2 shi ne MHF4, ƙarami sosai. Ba sa hawa juna, duk ƙarfin yatsanka. Wanda ya sayi adafta don sa katin M.2 a gurbin Mini PCIe nan yake tarar da wannan matsalar, sai ya sake neman wasu gajerun wayoyi na sauya kai.

Wajen cirewa, kada ka taɓa jan wayar kanta. Sa farce ko tsinken roba a ƙarƙashin wuyan kan tagullar, daidai inda waya ta shiga, ka ɗaga sama miƙe. Ban da sukudireba, ban da filaya. In ka ja waya, ko dai ta zare daga kanta, ko zoben kati ya biyo ta ya maƙale a ciki. Idan ta zare, gyaranta ba wasa ba ne, sai an kwance murfin allo gaba ɗaya an sake jan sabuwar eriya ta cikin hinji, aikin da kuɗinsa zai fi na katin.

Wajen mayarwa ne aka fi ɓarna. Mai koyo yana ɗora kan a karkace, ya danna, ya ji bai shiga ba, sai ya ƙara ƙarfi. Ɗan tsinken da ke tsakiyar zoben ya lanƙwashe, ko bakin kan ya murɗe, shi ke nan ba zai sake kamawa ba. Ga yadda ake yi. Maƙala wayoyin tun katin yana hannunka, kwance a kan tebur ko wani abu mai tauri, muddin tsawon waya ya kai, kafin ka sa shi a gurbi. Haska fitilar waya daga gefe. Ɗora kan a saman zoben ba tare da dannawa ba, ka ɗan motsa shi da farce har ka ji ya zauna, ba ya zamewa hagu ko dama. Leƙa daga gefe ka tabbatar ya kwanta sambal, babu ɓangaren da ya ɗaga. Sai a lokacin za ka danna da bayan farce, miƙe ƙasa, sau ɗaya. Za ka ji ɗan ƙas. In ka danna a hankali bai shiga ba, ɗaga ka sake daidaitawa, ƙarin ƙarfi ba ya gyara karkata. Alamar ya kama ita ce kan yana iya juyawa a kan zoben amma ba ya tashi. MHF4 ya fi wahala nesa ba kusa ba, in idonka ba ya gani sosai sa tabarau ko ka kira yaro mai ido.

Wace waya za ta hau ina? Bi rubutun MAIN da AUX da ke kusa da zobban kati, kada ka bi lamba, domin katunan Intel na M.2 suna rubuta 2 a MAIN, 1 a AUX, saɓanin abin da mutum zai zata. Hoton da ka ɗauka zai nuna maka wadda ke MAIN a tsohon kati. In ma ka juya su ba abin da zai ƙone. Wasu HP masu arha waya ɗaya kawai aka sa musu. Sa ta a MAIN, kati zai yi aiki, amma da hanya ɗaya, wato 433 maimakon 867, kuma Bluetooth zai yi rauni tunda shi ta AUX yake bi. Idan ka ga wasu wayoyi daban masu launin ja da shuɗi an rufe kansu da roba, na modem ɗin layin waya ne, ka ƙyale su. Gurbin da ke kusa da su shi ma ba naka ba ne, ko da ya yi kama.

Sauran mai sauƙi ne. Tura kati a ɗan karkace, ya shige har tagullar bakinsa ta ɓace, kwantar da shi, ɗaure sukuru kada ka matse da yawa, mayar da wayoyi cikin hanyarsu don murfi kada ya datse su. Kunna ka gwada kafin ka ɗaure sukurun murfi duka. Sa direba, na Wi-Fi daban, na Bluetooth daban. A Command Prompt rubuta netsh wlan show interfaces, ka duba Receive rate. In kana kusa da rauta a 5 GHz ka ga ɗaruruwa, an gama. A Device Manager, cikin Advanced, sa Preferred Band a kan 5 GHz, sannan a Power Management ka cire alamar da ke barin Windows ta kashe katin don tattalin batir, musamman a 7260.

In ba ta ga Wi-Fi ko ɗaya ba, duba makunnin da ke gefen laftop ko maɓallin Fn kafin ka zargi kati. In tana gani amma sanda ɗaya ko biyu kana gaban rauta, wata eriya ba ta kama ba, koma ka buɗe. In Bluetooth ne kaɗai ya ƙi fitowa a tsohuwar na'ura, mai yiwuwa gurbin ba shi da layin USB da yake bi, ka haƙura da shi. Zangon 5 GHz ba ya ratsa katanga kamar 2.4, a gidan bulo mai ɗakuna da yawa za ka ga daga ɗaki na uku kwamfutar ta koma 2.4 da kanta, kuma daidai ta yi.

Wanda BIOS ya tare, ko katinsa a narke yake, ya sayi na USB mai 5 GHz, irin TP-Link Archer T2U ko T3U. Ɗauki mai doguwar eriya in rautar tana nesa, ka kuma riƙa zare shi kafin ka jefa laftop a jaka, don shi ke karya bakin USB.