Kurakuran ɗalibai kan furotin ɗin tantanin ER

Duk lokacin semina sai an kawo mini takardu kan furotin ɗin da ke jikin tantanin ER, wato endofilasmik retikulom, wani sashe da ke cikin ƙwayar halitta, da yadda ake son a hare su da magani a cutar daji da cututtukan da ke cinye ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. Kurakuran ba sa canzawa.

Ku ɗauki ER kamar rumfar 'yan bugu a Ƙofar Mata: nan ake ninke furotin kafin ya fita. Idan kayan da ba su ninku ba suka yi tsibi, furotin uku masu gadi ne ke kururuwa: IRE1, PERK da ATF6. Su ne a kafe cikin tantanin. BiP, wanda kusan kowa ke jerawa da su, a cikin ruwan ER yake, yana riƙe da su ne har matsi ya zo ya sake su. Ku cire shi daga jerin.

Babban kuskuren shi ne rubuta "a toshe PERK, an gama". Wata ɗaliba ta faɗi haka a gabana, allonta cike da kibiyoyi. Na ce, "Malama, a wace ƙwayar?" Ta yi shiru. PERK na rage ƙera furotin don ƙwaya ta numfasa. Ƙwayar daji da ke cikin ƙarancin iska tana cin moriyar wannan hutun ta rayu. Ƙwayar ƙwaƙwalwa kuwa, idan hutun ya yi tsawo, sai ta rasa furotin ɗin da mahaɗanta da sauran ƙwayoyi ke buƙata, daga baya CHOP, wani furotin da PERK ke tayarwa, ya tura ta ga mutuwa. Saboda haka kowace jimla ta faɗi irin ƙwayar da tsawon lokacin.

Sai kuma ɗoki. A 2013 tawagar Giovanna Mallucci a Ingila ta ba ɓerayen da ke da cutar firiyon (cutar ƙwaƙwalwa da furotin da bai ninku daidai ba ke haddasawa) maganin GSK2606414 mai toshe PERK, ƙwaƙwalwarsu ta tsira. Ɗalibai kan tsaya nan, su bar rabin labarin: maganin ya taɓa gaɓar da ke samar da insulin, sukari ya hau, ɓerayen suka rame. Kuma ɓera ɓera ne. Wannan ya fi damuna, don a Kano magana ba ta kwana, gobe wani zai ɗauko ta a WhatsApp ya ce an gano maganin mantuwar tsufa.

Teburin magungunan da ɗalibai ke cewa tantanin ER suke hara ma akwai gyara. Bortezomib, da aka amince da shi a Amurka a 2003 don dajin ɓargo, injin niƙa furotin yake toshewa, maganin gwaji ISRIB kuma eIF2B yake kamawa, furotin da ke taimakawa wajen fara ƙera furotin. Ba ɗaya daga abubuwan da suke hara da ke tantanin ER. In kuna son misali na gaske, ga thapsigargin da ke toshe famfon kalsiyam na SERCA, ga kuma sitatin ɗin da dattawanmu ke sha don kitsen jini, wanda HMG-CoA reductase, furotin da ke cikin aikin ƙera kolestarol, yake hara. SERCA da HMG-CoA reductase duk a tantanin ER suke.

Lambar da ake yawan ɓatawa: niyukiliyotayid 26, wato haruffan saƙon halitta, IRE1 ke yankewa daga saƙon da ake ƙera furotin XBP1 da shi a jikin mutum. Na taɓa ganin 62.