Yadda Ake Sassaben Zamani Don Gona Ta Mayar Da Itatuwanta

Kututturen sabara, kalgo ko gawo da ake sarewa duk shekara bai mutu ba, saiwarsa na nan a ƙasa. Da shi manoman Maraɗi suka fara raya itatuwa tun shekarun 1980, ba tare da sayen dashe ko ban ruwa ba, kuma kowace bishiya da ta tashi tana zuƙe iskar kabon ta adana a jikinta.

Kafin sassabe, zagaya gona ka zaɓi kututturan da suka yi toho. A kowanne, bar rassa 3 zuwa 5 mafi ƙarfi da miƙewa, ka cire sauran. Wasa adda ko gatari sosai, kuma ka sara daga ƙasa zuwa sama. Saran da aka yi daga sama zuwa ƙasa yana ɗaye ɓawo, ruɓa da gara su shiga. Ƙananan rassan gefe, datse su har rabin tsayin reshen kawai. In ka wuce haka, iska ko akuya za su karya shi. Ɗaura jan ƙyalle don masu neman icce su san da mai shi, ka koma bayan wata 2 zuwa 6 ka sake datsa.

Fifita gawo. Yana kaɗe ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa.

Inda aikin ya fi lalacewa shi ne saran dare da kiwon rani. Don haka a zauna da mai gari, makiyaya da mata a yanke wa ke da bishiya, wa ke ɗibar rassan da aka datse. In kamfani ya zo sayen kabon, wato biyan kuɗi don iskar kabon da itatuwan suka adana, kada a sa hannu sai an karanta yarjejeniyar a bainar jama'a, an ji shekarunta da kason kowa.