Yadda za ka gane ko damina ce ta canja lokaci, ko kai ne ka manta

Na daɗe ina cika baki cewa a ƙuruciyarmu damina ta fi saurin faɗuwa, sanyi kuma ya fi daɗewa. Ran nan 'yata ta ce, "Baba, wace rana take faɗuwa a da?" Sai na yi tsuru-tsuru. Da na laluba, shekara biyu kawai na samu a kaina: wadda ruwa ya kayar mana da katanga, da wadda aka yi fari. Washegari na sayi littafin rubutu.

Fara da gyara kalanda. Riƙa rubuta kwanan watan Miladiyya, don shi ke tafiya da rana. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, tana gaza waccan da kusan kwana 11, sai bayan kimanin shekara 33 take komawa mazauninta. In ka ce muna yara a wata kaza ake zafi, to watan ne ya matsa.

Sai ma'aunin ruwa. Gwangwani ya isa, muddin jikinsa a miƙe yake, baki da gindi faɗi ɗaya. Kafa shi a fili, kowace safiya ka tsoma rula ka rubuta, ka zubar. Milimita 1 a ciki daidai take da lita 1 a kan kowace murabba'in mita ta ƙasa. Ni shekarar farko kusa da indararo na ajiye nawa, littafi ya nuna ambaliya alhali tsakar gida ƙura take yi. Shekara guda ta tafi a banza.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne ruwan farko. Mayaudari ne: ya sauko da ƙarfinsa, ƙasa ta yi ƙamshi, kowa ya ce damina ta faɗi, sai ya ɗauke mako uku. Wata ƙa'ida da masana aikin gona ke bi ita ce a samu milimita 20 cikin kwana 3 a jere, sannan kada ruwa ya ɗauke fiye da kwana 7 a cikin kwana 30 da ke biye. Ko wannan ka ɗauka ko wata, ka tsaya a kanta. In kana sauya ƙa'ida duk shekara, abin da kake so ka gani kawai za ka gani.

Ka haɗa da abin da ido ke gani: ranar da shamuwa ta iso, ranar da wata bishiya guda, ita dai kullum, ta yi toho, safiyar da hazo ya fara rufe gari, daren da ka fara neman bargo. Kada ka raina wannan. Wani Bature, Robert Marsham, ya fara irin wannan rubutu a Ingila a 1736, zuriyarsa suka riƙe har 1958. A Kyoto ta Japan kuwa, tarihin ranar da furannin wata bishiya mai suna ceri ke cika buɗewa ya koma har shekarar 812, kuma da shi aka gane cewa 26 ga Maris 2021 ta riga duk na baya.

Sauran aikin haƙuri ne. Shekara uku ba ta nuna komai, El Nino, wato ɗumamar ruwan tekun Pasifik da kan taɓa yanayin duniya, shi kaɗai kan birkita damina guda. Hukumar Yanayi ta Duniya da shekara 30 take awo, a yanzu 1991 zuwa 2020. Kwatanta goman farko da goman ƙarshe. In ba ka da wannan tsawon, nemi tsofaffin alƙaluma a ofishin hasashen yanayi mafi kusa da kai. Dattawa ma ka tambaye su, amma ɗaya bayan ɗaya, don in suna tare duk bakin babbansu za su bi.

In ka canja gida, ja layi ka buɗe sabon shafi. Siminti da kwalta suna riƙe zafi, daren cikin gari ba ɗaya yake da na bayan gari ba.