Kafin a ɗaura wa motar tsere sufacaja

'Yan'uwa masu sha'awar ƙara wa motocinsu ƙarfi a nan Kumasi, shawarata ita ce ku fara da duba lafiyar inji kafin ku tafi Suame Magazine, unguwar makanikai da masu sayar da kayan mota, neman sufacaja. Na'urar tana karɓar juyi ne daga inji ta hanyar bel, tana tura iska mai yawa cikin silinda, saboda haka injin da fistin ɗinsa ya gaji ba zai jure wannan matsi ba. A sa makanike ya gwada matsin kowace silinda tukuna.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne kwamfutar mota. Idan iska ta ƙaru amma ba a sake saita kwamfutar ta ƙara fetur ba, injin zai yi zafi fiye da kima, ya riƙa ƙwanƙwasa, har fistin ya ƙone. Iskar da aka matsa tana ɗaukar zafi, kuma da yanayinmu na Gana, ban ga hikimar ƙin sa na'urar da ke sanyaya wannan iskar kafin ta shiga inji ba. A riƙa shan fetur mai lambar inganci (okten) 95, a kuma yawaita canza matatar iska lokacin hunturu saboda ƙura.

Kuloci da birki ma suna bukatar a ƙara musu ƙarfi, sannan a sanar da kamfanin inshora.