Hattara da float32 a fayil ɗin saiti

'Yan uwa masu rubuta manhaja, kafin ku zuba wata lamba a gurbin float32, wato nau'in ma'ajin lambobi masu ɗigo a kwamfuta, ku tuna bit 32 ne kacal gare shi: 1 na alamar ƙari ko ragi, 8 na ma'aunin girma, 23 na ainihin lambar, bisa ƙa'idar IEEE 754 ta 1985. Abin da zai riƙe daidai bai wuce alƙaluma 7 ba.

In kun rubuta 0.1, abin da kwamfuta ke ajiyewa kusan 0.10000000149 ne. Shi ya sa gwada ko lambobi biyu sun yi daidai tsaf yake ba da kunya. Ku duba ko tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai wani ɗan ƙaramin adadi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne manyan lambobi. Daga 16,777,216 zuwa sama, float32 yakan fara tsallake wasu cikakkun lambobi. 16,777,217 ma ba ya iya riƙe ta. Lokacin Unix na yanzu kuwa, wato adadin daƙiƙoƙin da suka shuɗe tun farkon 1970, in ya shiga ciki, tsalle yake da daƙiƙa 128, kuma babu wani gargaɗi.

Kuɗi, lambar shaida da lokaci, don Allah ku ajiye su a cikakkiyar lamba ta bit 64.