Ga ƙannenmu na Katsina da Daura masu shiga ajin algoridim a ƙasar waje

Ƙannena da kuka baro Katsina da Daura don karatun kimiyyar kwamfuta a Amurka ko Kanada, barkanku da isowa. Zancen masauki da abinci da rigar sanyi na san waɗanda suka tarbe ku sun gama muku shi. Ni maganata a kan kwas ɗaya ce, wanda ake koyar da hanyoyin ajiye bayanai a kwamfuta da kuma algoridim, wato matakan da ake bi a warware matsala. Galibi a shekara ta biyu ake ɗaukarsa, kuma yawancin kwasa-kwasan gaba ba a barin ɗalibi ya shiga sai ya ci shi. Ko wanda ya zo digiri na biyu daga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko ta Dutsin-Ma, idan asalin fanninsa lissafi ne ko injiniya, akan nemi ya fara da shi.

A makon farko malami zai sa takardar ƙa'idojin kwas, silabas kenan, a Canvas ko Moodle, wato shafukan intanet da jami'o'i ke ajiye kayan kwas. Ku zauna ku karanta ta tun daga farko har ƙarshe, domin duk wata gardama da za ta taso ita za a buɗe. A cikinta ne za ku ga yadda aka raba maki tsakanin jinga da jarrabawar tsakiyar zango da ta ƙarshe, da yaren kwamfuta da za a yi aiki da shi, ko Java ko C++ ko Python, da lokacin rufe karɓar aiki. Sau da yawa ƙarfe 11:59 na dare ne, kuma na'ura ce mai rufewa, ba ta san "Malam a yi haƙuri" ba. Wasu malamai kan ba da 'yan kwanakin jinkiri a zango. Ku adana su don ranar rashin lafiya.

Ita ma jingar sau da yawa na'ura ce ke fara duba ta, a dandali irin su Gradescope. Za ta gwada kod ɗinka, wato umarnin da ka rubuta wa kwamfuta, da ƙananan misalai, sannan ta jefa masa manya waɗanda ba ka gani ba, ta kuma ƙayyade masa lokaci. Nan ne mai amsa daidai ke rasa maki ya rasa dalili. A ce sunayen mutum miliyan 1 za a jera bisa tsarin haruffa. Wanda ya gwada kowane suna da kowane suna zai yi aiki kusan sau 1,000,000,000,000. Wanda ya bi hanyar raba jeri biyu-biyu a sake haɗawa, wadda John von Neumann ya fito da ita a 1945, kusan sau miliyan 20 ya ishe shi. Duka biyun za su jera sunayen daidai, amma na farko lokacinsa zai ƙare kafin ya gama. Wannan bambancin shi ake so ku iya lissafawa tun kafin ku taɓa kwamfuta.

Yanzu ga inda na fi jin tsoro a kanku. Mu an rene mu a kan cewa ɗan'uwa ba ya roƙonka abu kana da shi ka hana. Idan yaron unguwarku, daga Ƙofar Sauri ko Ƙofar Ƙaura kuka taso tare, ya ce maka da tsakar dare, "Don Allah turo min naka in ga yadda ka yi," bakinka ba zai iya furta a'a ba. To a yawancin irin wannan aji, tura masa kod satar amsa ne, kuma wanda ya bayar da wanda ya karɓa duka ake hukuntawa. Kyakkyawar niyyarka ba ta wanke ka a gaban kwamiti. Akwai manhaja mai suna Moss, wadda Farfesa Alex Aiken ya ƙirƙiro a 1994, da malamai ke zuba mata aikin ɗalibai ta fito da masu kama da juna. Ginin kod ɗin take dubawa, saboda haka sauya sunaye ko juya layuka ba ya ruɗa ta, kuma malami na iya haɗawa da aikin shekarun baya. Hukuncin kan fara daga sifili a jingar, ya kai ga faɗuwa kwas, har dakatarwa. Ga mai bizar F-1 ta Amurka dakatarwa ba ƙaramin abu ba ce, tunda bizar ta rataya ne a kan cikakken karatu, wato aƙalla kiredit 12, ma'aunin nauyin kwasa-kwasai, a zango ga mai digirin farko.

Ba ina ce muku ku juya wa juna baya ba. Zumuncin nan shi ke riƙe mu a baƙon wuri. Ku dai canza masa hanya. Ka rufe kwamfutarka, ku ɗauki takarda, ka zana masa yadda bishiyar bincike, wata hanyar ajiye bayanai, ke karkasa lambobi hagu da dama, ko yadda algoridim ɗin Dijkstra ke gano hanya mafi kusa, da misalin da ba na jingar ba. Kowa ya koma ɗakinsa ya rubuta nasa. Idan silabas ta ce a ambaci wanda aka tattauna da shi, ku ambata. Shi kuma ChatGPT, kowane malami da dokarsa: wani ya hana sam, wani ya yarda da sharaɗin a bayyana. Kada ku ɗauko dokar wani aji ku kai wani. Haka kuma kada ka sa amsar jinga a GitHub, dandalin ajiye kod a intanet, kowa na gani, don in wani ya kwafa, kai ma za a kira ka.

Wanda ya maƙale, ga ƙofa a buɗe. Kowane malami da mataimakansa suna da sa'o'in da suke zama a ofis don ɗalibai kawai. Alkunyar da muka tashi da ita a gaban malami kyakkyawa ce, sai dai a nan idan ka yi shiru ɗauka ake ka gane. Matambayi ba ya ɓata. Ka je da abin da ka gwada, ka nuna inda ya tsaya, ba za su rubuta maka ba amma za su ɗora ka a hanya.

Sai batun ibada. Ku duba jadawalin zango tun yanzu ku ga ko wata jarrabawa ko zaman ɗakin kwamfuta ya faɗo a lokacin Juma'a ko kusa da Sallah. Jami'o'i da yawa suna da tsarin ba da uzurin addini, amma suna so a sanar da wuri, a rubuce. Ku tura wa malami imel a makonni biyu na farko, ku bayyana masa cewa ranar Sallah takan motsa da kwana ɗaya saboda ganin wata, ku ba shi ranakun biyu, ku kuma adana amsar da ya ba ku.