Yadda ake kama masaukin Umara a Makka da Madina duk da tsadar haya

Bahaushen da ke zaune a Makka, Jidda ko Madina ya san wannan kiran. Rajab na kamawa waya za ta fara shigowa daga Kano, Zariya ko Damagaram: "Yaya, Hajiya za ta zo goman ƙarshe, a taimaka a nema mata ɗaki kusa da Harami, mai sauƙi." To, kusa da Harami da sauƙin kuɗi sun daɗe da raba gari, kuma gara a faɗa wa na gida gaskiya tun kafin su yanki tikiti.

Tsadar tana da dalili. Tsofaffin imarorin (benayen haya) da talaka ke sauka an rushe da yawansu: unguwar Shamiyya ta tafi a faɗaɗa Harami, Jabal Umar ya koma manyan otal, aikin babban titi da gine-gine mai suna Masar ya ratsa unguwannin yammacin gari, a Madina ma aikin Ru'a al-Madina ya cinye masaukai a gabashin masallaci. Baƙi kuwa ƙaruwa suke yi, domin hukuma na son masu Umara daga waje su kai miliyan 30 a shekara nan da 2030. A watan Yulin 2020 harajin kaya ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 15 cikin ɗari. Sannan riyal a ɗaure yake da dala, riyal 3.75 a dala ɗaya, don haka duk lokacin da naira ta faɗi ɗakin ya ƙara tsada ga mai biya daga gida ko da mai otal bai ƙara ko halala (kwabon Saudiyya) ɗaya ba. Ba ka da iko a kan ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da ke hannunka shi ne lokacin zuwa, unguwa, lissafi da takarda.

Tambaya ta farko, da wace biza baƙon zai shigo? Tun Yunin 2025 ba a fitar da bizar Umara sai an shigar da masauki mai lasisi a manhajar Nusuk Masar ta hannun kamfanin da ya ɗauko mutum. Shigga, wato fulat na haya, da ka kama a gefe ta hannun haris (mai gadin imara) ba za ta shiga lissafin biza ba. Nan ne ake biya sau biyu: kai ka ba da kafin alƙalami a nan, kamfani kuma ya riga ya haɗa otal cikin kuɗin da ya karɓa a can. Kada ka fitar da kuɗi sai an turo maka sunan otal da kwanakin da kamfanin ya shigar. Mai iƙama (takardar izinin zama) da wanda ya zo da bizar ziyarar iyali su ne ke da sakewar nema da kansu.

Sai lokaci. Goman ƙarshe na Ramadan shi ne ƙololuwar tsada, kuma otal da yawa na kusa ba sa sayar da shi kwana-kwana, dunƙule suke sayar da goman gaba ɗaya, ba a mayar da kuɗi. Bayansa sai sauran Ramadan, sai hutun Disamba. Muharram da Safar sun fi sauƙi sosai, haka ma makonnin farko na Shawwal bayan an watse daga Sallah, sai dai a 'yan shekarun nan Muharram da Safar a tsakiyar zafi suke faɗowa, dattijo mai hawan jini sai an yi masa tsarin ɗawafin dare. Wanda ya dage sai Ramadan, goman farko ya fi masa. Wanda ya dage sai goman ƙarshe, ya kama ɗaki tun wata huɗu zuwa shida kafin lokaci, ya zaɓi irin wanda ake iya sokewa kyauta ko da ya ɗan fi tsada, ya riƙa leƙa farashi duk mako biyu. In ya sauko, ya kama sabo tukuna sannan ya soke tsohon. Kada a fara da sokewa.

Kwanan wata na yawan jawo asara. Otal da kalandar Miladiyya yake aiki, azumi kuwa da ganin wata, yana iya yin 29 ko 30. Ƙara kwana ɗaya a ƙarshe, domin neman ɗaki daren Sallah da kaya a hannu wahala ce babba. Haka jirgin da ke sauka Jidda ƙarfe biyun dare: yawancin masaukai sai wajen la'asar suke ba da makulli, fita kuma da azahar. In ana son a shiga ɗaki da asuba, sai a biya daren da ya gabata, kuma a rubuta musu saƙo cewa baƙo zai iso a makare, in ba haka ba su ɗauka bai zo ba su sayar da ɗakin.

Unguwa ita ce inda ake samun rarar kuɗi ko a yi asararsa, don haka a tsaya a nan a yi tunani. Ajyad da farkon titin Ibrahim Khalil tafiyar ƙafa ce, kuɗinsu kuma ya nuna haka. Cikin Misfala farashi na raguwa gwargwadon nisanka daga Harami. Kudai, Mahbas al-Jinn da Aziziyya sai da mota, nan ake samun shigga mai ɗaki biyu ko uku da kicin. Amma taswirar waya ba ta nuna tudu. Makka gari ne na duwatsu, mita 600 a saman Ajyad ta fi kilomita ɗaya a shimfiɗe wahala, musamman ga mai turin keken tsohuwa sau biyar a rana. In za ka iya, je ka taka hanyar da ƙafarka daga ƙofar imara zuwa farfajiyar Harami, ka duba agogo.

Masaukin nesa da ya ce yana da mota kyauta, tambaye shi abu uku: a ina take sauke mutane, ƙarfe nawa take tsayawa, motoci nawa ne. A Ramadan ana rufe hanyoyin kusa da Harami lokutan salla, motar kan daina zirga-zirga tun kafin magariba, bayan tarawihi kuma layi ya yi tsawo, masu tasi su ninka kuɗi. Motocin bas na Makka riyal 4 ne kowace shiga, suna taimakawa matuƙa in tasharsu na kusa da kai. Ga misali don lissafi kawai: ɗakin nesa riyal 250, na kusa 400. In mutum huɗu za su kashe riyal 50 na tasi sau uku a rana, rarar ta tafi, gajiya ce kawai ta saura musu. Matasa masu ƙarfi da za su shiga Harami da la'asar su zauna har a idar da tarawihi, nesa ta dace da su. Tsofaffi da masu ƙananan yara, a rage kwanaki a matso kusa. Malamai da yawa ma suna ganin ninkin ladan salla ya game duk iyakar Haramin Makka, ba masallacin kaɗai ba, don haka Hajiya ta yi azahar a masallacin unguwa ba tare da damuwa ba.

Farashin da ke fuskar manhaja ba kullum ne na ƙarshe ba. Akwai harajin kashi 15, akwai kuɗin baladiyya (hukumar birni), kashi 2.5 a ƙananan masaukai, kashi 5 a manya. Ɗakin riyal 400 sai ya koma 470 da ɗoriya, a kwana goma ka ga ƙarin ya haura 700. Ko a Booking.com, Almosafer, Gathern ko Airbnb kake nema, bi har shafin biya ka ga jimla. Shiggogi kan ƙara kuɗin shara da kuɗin ajiya na jinginar ɓarna da ake kira ta'amin. A rubuta adadinsa da ranar mayarwa.

Lasisi ba abin wasa ba ne. Tun farkon 2025 Ma'aikatar Yawon Buɗe Ido ta hana manhajoji tallata masaukin da ba shi da lasisi, har gidajen mutane da ake bayarwa kwana-kwana. Dillalin WhatsApp da ya turo hotuna masu kyau, nemi lambar lasisi da sunan imara. Kuɗi ya shiga asusun masaukin, a ba ka fatura, wato rasit, mai sunan baƙo, kwanaki da lambar ɗaki ko irinsa. Ba fatura, ba hujja. Mai lasisi in ya saɓa, ana kiran 930 a kai ƙara. Marar lasisi kuwa ana iya rufe shi baƙonka na ciki.

Ranar karɓar makulli, kafin a sauke akwati: kunna mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) na minti goma, buɗe famfo ka ga ƙarfin ruwa, ka tambayi haris ko tankin imara na jiran wayit (tankar kawo ruwa) ne. Ƙirga gadaje, domin "ɗakin mutum huɗu" wani lokaci gado biyu ne da katifa biyu. Ƙirga lif: bene goma sha biyar da lif biyu na nufin rasa jam'i. In ana son tuƙa tuwo ko dama kunun buɗa baki, tabbatar an yarda da girki kuma akwai murhun lantarki, yawancin otal sun hana. Ɗauki bidiyon ɗakin gaba ɗaya, shi zai dawo maka da ta'amin.

Madina ta fi sauƙin sha'ani saboda shimfiɗaɗɗiya ce. Fita kaɗan daga Markaziyya, unguwar da ke kewaye da masallaci, ta wajen titin Kurban ko Kuba, farashi ya sauka kuma ƙafa na kaiwa. Wuraren sallar mata ta arewacin masallaci suka fi, a yi la'akari da haka in mata ne suka fi yawa. Wasu iyalai kan yi yawancin kwanakinsu a Madina su taƙaita na Makka, jirgin ƙasa na Haramain na haɗa garuruwan cikin awa biyu da 'yan mintuna, sai dai tikitinsa ma a Ramadan da wuri yake ƙarewa.

Daga farkon Zulƙida kuwa a daina neman wa mai bizar ziyara ɗaki a Makka. A 2025 tarar mai yin Hajji ba izini ta kai riyal 20,000, ta wanda ya saukar da shi ko ya ɓoye shi kuma har 100,000, kuma tana ninkuwa da yawan mutanen da aka samu a gidan.